Kajin Illa da Farar Tanna

Ranar Lahadi ce, kasuwar Tawa ta cika, Illa kuwa ya zagaye layin masu ƙuli-ƙuli sau uku bai sami ko tiya ɗaya da zai ba kajinsa ba. Bara aka yi babban farin da ya cinye gyaɗa da shanu. Garin kifin da a da ake shigowa da shi ta Ƙonni kuma, tun da aka rufe iyaka sai dai a ji labarinsa.

Illa saurayi ne ɗan Adar. Shekara biyar ya yi a Abijan yana aiki a gidan kajin wani ɗan Labanan, ya dawo gida da 'yan tsaki ɗari biyu farare, irin na nama da ake yankawa cikin wata biyu. Daga Yamai ya ɗauko su a kwalaye, kowane shingen jandarma sai an buɗe an leƙa. Yanzu sun yi kwana goma sha biyu a bayan gidan mahaifiyarsa, dusa da dawa kaɗai suke ci, sun tsaya cak ba girma, har sun fara tsattsagar juna.

Ya juya zai fita ke nan sai ya ga kajin kasuwa uku sun rufu a kan wani abu a gindin wata inuwa, suna dambe kamar za su kashe juna. Ya matsa. Wata budurwa ce zaune da faranti a cinya tana gyaran fara, tana watsar da kawuna da fukafukai gefe. Baƙin mayafinta na mutanen arewa ne, ya bar shuɗin baba a goshinta.

Ta ɗago ido. Illa ya manta abin da ya kawo shi kasuwa.

"Malam, fara za ka saya, ko kajin mutane kake kallo?" in ji ta. Hausarta da ɗan nauyin harshen Tamashek.

"Wanga da kike zubarwa nake so."

"Shara?"

"Ita."

Ta dube shi daga hula har takalmi, ta yi dariya a bayan mayafi. "Anna, ji wani abu," ta ce wa mahaifiyarta, dattijuwar da ke kusa da ita. "Yunwar bara ta haukata samarin birni."

Da ya yi musu bayani ta daina dariya. Ta ajiye farantin.

"In don kaji ne, wagga ba za ta yi ba, da gishiri aka dafa ta. Ka dawo Laraba. Zan dafa maka wata da ruwa zalla, in shanya ta kwana uku. Kuma ka cire ƙafar baya kafin ka daka, ƙayarta tana tsayawa a maƙoshi."

"A ina kika san kiwon kaji?"

"Ban san kaji ba. Na san fara."

Sunanta Tanna, ɗiyar Rissa. Mahaifinta makiyayi ne daga arewa da Abalak, wanda ya shigo Tawa bara da ƙafa bayan ya bar gawar saniyarsa ta ƙarshe a bakin wata busasshiyar rijiya. Tun daga lokacin suke zaune a tantuna a bayan gari, hanyar Barmu, tare da wasu irinsu. Da damina ta dawo, fara ta biyo ta da yawan da tsofaffi ma suka ce ba su taɓa gani ba. Manoma suna kuka, matan tantuna kuma suna fita da asuba lokacin da sanyi ya kama ta a jikin sabara, su cika buhuna.

Daga Lahadi zuwa Laraba Illa bai zauna wuri ɗaya ba. Ya shiga wajen kaji, ya fito, ya koma. Mahaifiyarsa Hajaratu ta ce, "Kai, ko kunama ce a tabarmar taka?"

Da farar ta zo ya daka ta ya tankaɗe. Ya raba ɗakin kajin biyu da zana: rabi a kan abincinsu na da, rabi da garin fara a ciki. Ya aro sikeli wurin wani mahauci. Makon farko ya zuba garin da yawa, kajin suka yi zawo. Ya je ya gaya wa Tanna kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Kai ma in ka ci fara tiya guda ai sai ka kwana a bayan gida," ta ce. "Rage."

Ya rage, tiya ɗaya ta fara a cikin biyar na dawa da dusa. Bayan mako biyu ko makaho ya ɗaga kaza daga kowane ɓangare zai faɗi wadda ta ci fara. Ƙirjinsu ya cika, suka bar tsattsagar juna. Illa ya cire zanar ya haɗe su duka a kan sabon abincin. Mai dafa abincin barikin soja ya zo ya gani, ya ce a ajiye masa. Masu otel biyu ma suka aiko.

Tanna kaɗai ba ta iya tara abin da yake bukata, sai ta haɗa mata shida na tantuna. Duk Laraba da Lahadi Illa ya zo kasuwa da buhunan da babu kome, ya koma da cikakku. A cikin ɗaya daga buhunan da ya mayar ne ya fara saka takarda, don ya ji ta ce ta yi lekol, makarantar boko, shekara huɗu a Abalak.

"Tanna, jiya na auna kaji, sun ƙaru. Ni kuma Inna ta ce na rame. Ban san ko akwai garin da za a daka mini ba. Illa."

Amsar ta zo a bakin buhun fara, a bayan wata yagaggiyar takardar siminti.

"Sarkin kaji, ciwonka ba na abinci ba ne. Ka riƙa zama wuri ɗaya. In ka zo kasuwa kana tafiya kamar wanda aka biyo, har Anna ta tambaye ni ko jandarma ke nemanka. T."

Ya karanta ta har ta yi laushi a aljihu. Ya rubuta mata:

"Sanyin idona, ba zan iya zama ba sai ranar da kika zauna a gidana. Ki ba ni izini in turo manya."

Wannan karon amsar gajera ce. "Ni na yarda. Amma ba ka san Abba ba."

Kafin ya san Abba sai da ya fara sanin Inna. Da ya gaya mata, Hajaratu ta ajiye muciya ta dube shi.

"Mutanen da gidansu ke hawa bayan jaki? Gobe in ciyawa ta tsiro a arewa, ka farka ka ga wurin tantin wayam. Ga Safi nan ɗiyar maƙwabta, mun san uwarta, mun san kakarta."

"Inna, ba don Tanna ba da kajin nan sun mutu tun suna tsaki."

"To ka gode mata. Godiya daban, aure daban."

Duk da haka ya roƙi kawunsa Dodo suka tafi tantuna wata Juma'a da la'asar. Rissa dogo ne, rawaninsa ya rufe kome sai idanu. Ya karɓe su da mutunci, ya dafa shayi da hannunsa, bai bari an yi maganar ba sai da aka sha kofi na uku.

"Yaro, mi kake kiwo?"

"Kaji, Baba."

Rissa ya juya butar a kan gawayi.

"Ni ban taɓa sa naman kaza a bakina ba, ubana ma haka. Tsuntsu ce mai tonon juji. Shanuna saba'in ne, kowace da sunanta, in na kira ta waiwaya. Allah ya karɓi abinsa. Amma talauci bai kai ni in ba da ɗiyata ga gidan da ba a tatsar nono ba. Ba na yi mata dole, ba al'adarmu ba ce. Albarkata dai ba ta bi nan ba."

A bakin tanti wani saurayi yana tsaye da sabon agogo a hannu. Attaher ne, ɗan wan Rissa, wanda ya dawo daga Tamanrasat da raƙuma biyu da rediyo. Ya bi Illa da ido har suka ɓace.

Daga ranar Rissa ya hana Tanna zuwa kasuwa. Ita ma ta kasa zama. Ta kakkaɓe tabarmar da ta riga ta kakkaɓe, ta fita ta tsaya tana kallon hanyar gari, ta dawo. Kullum da safe mahaifinta sai ya dubi arewa ya ce, "Bayan Mauludi mu tashi."

Lahadin da ta biyo baya Illa ya isa inuwar tun hantsi. Ba Tanna, ba mahaifiyarta Kadidiya. Attaher ne zaune a kan buhu ɗaya.

"An ce in ba ka wanga," in ji shi. "Shi ne na ƙarshe. Tanna ta gama da fara. Bayan Mauludi za mu koma arewa, ni da ita, magana ta ƙare tsakanin manya."

"Ita ta ce ka gaya mini?"

"Mace mai kunya ba ta faɗin irin wagga magana da bakinta."

Illa ya ɗora buhun a kan kekensa. Da ya isa gida ya wurga shi cikin rumbu ya rufe. Bai so ya ga ko igiyar da ta ɗaure bakinsa da ita. Amma kaji ba su san ɓacin rai ba, saura kwana goma a fara kai su bariki, garin da ya rage kuma bai wuce na yini ɗaya ba. Ya koma kasuwa. A can ƙarshen layi wani baƙo ya jibge buhunan busasshiyar fara da ya ce daga wajen Afala ya kawo. Illa bai shinshina ba, bai tambaya ba. Ya saya, ya daka, ya zuba.

Washegari da hantsi Hajaratu ce ta fara ihu. Kajin suna tangaɗi, yawu na zuba daga bakinsu, wasu sun kife suna shure-shure. Kafin azahar sittin sun mutu.

Hajaratu ta fita ƙofar gida tana tafa hannu. "Na faɗa! Farar 'yan tantuna ta kashe mana dukiya! Ya je neman aure an hana shi, an biyo shi da guba!"

Illa yana ciki yana kwasar gawa, bai ji ba. Maganar kuwa ta riga ta kama hanya. Kafin la'asar ta kai bakin rijiyar da matan tantuna ke ɗiban ruwa, aka ce ɗiyar Rissa ta sayar da guba.

Tanna ta shiga tanti ta durƙusa gaban mahaifinta. "Abba, ban taɓa roƙonka ka je ko'ina ba. Na rantse farata tsabtatacciya ce. Har takarda na saka masa a buhun na gargaɗe shi."

Rissa ya miƙe. Ya gyara rawani, ya ɗauki sandarsa. Kadidiya da Tanna suka bi bayansa.

Ya shigo gidan su Illa da niyyar wanke sunan ɗiyarsa ya juya. Abin da ya tarar ya tsayar da shi a bakin zana. Illa yana cikin rami har gwiwa yana haƙa, fararen kaji jere a gefe, layi-layi. Wani mai tsire yana tsugune a bakin ramin yana lallashinsa.

"Waɗanda ba su ƙarasa ba fa? A yanka yanzu, in gasa, wa zai sani?"

"Ni na sani," in ji Illa, bai ɗago ba. "Abin da ya kashe kaza zai taɓa ɗan mutum. Ko ɗaya ba za ta fita gidan nan ba."

Mai tsiren ya tashi yana gunaguni. Illa ya ɗauki wata babbar kaza, ya riƙe ta da hannu biyu kamar yana auna nauyinta, ya daɗe a haka, sannan ya kwantar da ita a ramin a hankali.

Rissa ya san wannan tsayuwar. Ya san yadda hannu ke ƙin sakin abin da ya rena.

"Yaro," ya ce, muryarsa ta sauka. "Nawa ke da sauran rai?"

Illa ya waiwaya a firgice. "Baba... sun fi ɗari. Amma suna bin sauran."

"Kwashe abincin nan duka. Kawo gawayi, a daka shi ya yi laushi kamar kwalli. Haka muke yi wa akuya in ta ci mugun ganye. Kadidiya, karɓi turmi."

Tanna ta wuce kai tsaye wajen buhun baƙon, ta ɗebo ta shinshina, ta watsar. "Wagga ba kamawa aka yi ba, tsinta aka yi. An yi feshin magani a gonakin Afala, ta mutu a ƙasa aka share. Ji warin kamar kalanzir. Dubi, ko tururuwa ba ta kusance ta ba." Ta juyo, idonta ya cika. "Illa, ina buhuna?"

Ya kasa kallonta. Ya je rumbu ya jawo shi, ya kwance igiyar. Takardar tana nan a sama.

"Sarkin kaji, an hana ni fita, amma ba a hana ni abin da ke raina ba. Kada ka sayi farar kowa a makon nan, ana feshi wajen Afala. Wagga daga tudun Barmu take, za ta kai ka kwana biyar. Duk abin da Attaher zai ce maka, ba bakina ba ne. Ni ban canza ba. Tannarka."

Ya karanta, ya zauna a ƙasa inda yake tsaye.

"Ka yarda da bakin wani, ka ƙi buɗe buhuna," ta ce a hankali.

"Na yi wauta, Tanna. Zuciya ce ta rufe mini ido."

"To tashi. Kuka bayan aiki."

Suka jiƙa garin gawayin a ruwa. Rissa, wanda bai taɓa riƙe kaza ba, ya naɗe hannun riga ya tsuguna, yana buɗe bakinsu ɗaya bayan ɗaya da manyan yatsunsa, Illa yana ɗura musu da cokali. Hajaratu ta tsaya daga nesa tana kallo, can ta ɗauko taɓarya ta biyu ta tsaya gefen Kadidiya. Ƙarar turmi ta cika gidan. Kafin magariba wasu goma sha biyar suka ƙara mutuwa. Sauran suka fara ɗaga kai.

Da safe Illa ya ɗauki ragowar buhun ya kai ofishin dabbobi, don farar nan mutane ma suna saya su soya wa 'ya'yansu. Aka tura jandarmomi suka kwashe kayan baƙon, aka yi shela a gari. Ranar Lahadi kuma ya tsaya a tsakiyar layin masu fara, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, ni ne mai kajin da suka mutu. Laifina ne, ni na sayi tsintacciyar fara ban duba ba. Farar ɗiyar Rissa da matan tantuna ita ta rayar da kajina, kuma ita suke ci har yau."

Da yammacin ranar Hajaratu ta yafa mayafinta mai kyau, ta ɗauki ƙwaryar fura ta nufi hanyar Barmu da ƙafa. Ta durƙusa a bakin tantin Kadidiya.

"'Yar'uwa, bakina ya riga hankalina. Ki yafe mini, ki roƙar mini yarinyar nan."

Kadidiya ta matsa mata a tabarma. "Zauna. Fura ba ta shayuwa a tsaye."

Attaher bai jira Mauludi ba. Da Rissa ya kira shi ya tambaye shi waɗanne manya ne suka gama magana, ya sunkuyar da kai. Bayan kwana biyu ya ɗaure kayansa a raƙumi ya yi arewa.

Rissa ne da kansa ya aika a kira Illa da kawunsa. Wannan karon tun a kofin farko ya yi magana.

"Har gobe ba zan ci kazarka ba."

"Na sani, Baba."

"Kuma ɗiyata da nono ta girma. Kafin ta shiga gidanka, in ga awaki biyu masu shayarwa ɗaure a tsakar gida."

"Uku za ka gani, in Allah ya yarda."

"Biyu na ce. Kada ka fara da cika baki." Idanunsa suka ƙanƙance a saman rawanin, Dodo ya gane murmushi ne.

Bayan an kai kajin da suka tsira bariki, Illa ya sayo awakin, ya kuma aika Yamai a kawo sababbin tsaki. A cikin buhun Larabar ƙarshe kafin biki ya sami takarda.

"Angona, Anna ta ce daga yau ba za ka ƙara ganina ba sai an kawo ni. Kwana uku ne. Na san ba za ka iya zama ba, to ka gyara ƙofar ɗakin nan da ke kuka. Ni ma ba na barci. Tannarka."

Aka ɗaura aure ranar Asabar da hantsi a gaban tantin Rissa. Mutanen gari da na tantuna suka cika wurin, aka yanka rago. Matan arewa suna buga tende, turmin nan da suke ɗaure wa fata ya zama ganga, matan Adar suna guɗa. Da liman ya tambayi waliyyin amarya, Rissa ya gyara zama ya ce,

"Na ba makiyayi ɗiyata."

Wani daga baya ya yi dariya. "Makiyayin kaji?"

Rissa ya juya ya dube shi har dariyar ta mutu. "Na ga yadda ya binne dabbobinsa. Ku shafa Fatiha."

Aka shafa. Da yamma aka kawo Tanna a kan jaki lulluɓe da baƙin zane, mata na waƙa a bayanta. Hajaratu ce ta tare ta a ƙofa, ta kama hannunta ta tsallakar da ita dokin ƙofa, tana cewa, "Shigo ɗiyata, gidanki ne."

Da mutane suka ragu Illa ya shigo ya zauna a bakin tabarma. Ta ɗan ɗaga mayafin ta dube shi.

"Sarkin kaji, yau ka zauna."

"Na zauna, Tannata. Ba inda za ni."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa damina ta riƙa zuwa a kan kari, ya mayar wa kowane makiyayi abin da fari ya raba shi da shi. Amin.